Zaɓen Fagge na 2023: yadda ɗan majalisa mai zango uku ya ƙare a na uku

Wani ɗan'uwa ya aiko da tambaya kan zaɓen ɗan majalisar wakilai na mazaɓar Fagge a 2023. Ya ce ta yaya mutumin da ya shekara 12 a kan kujera zai ƙare a na uku, har jam'iyyar Labour da ba ta da ko kansila a Kano ta sha gabansa? A ganinsa, ko dai an yi maguɗi, ko kuma mutanen Fagge ne ba su riƙe alheri.

Malam, ni ban ga ɗaya daga cikin biyun nan a alƙaluman ba. Bari mu ɗora su a faifai tukuna. Barista Muhammad Bello Shehu na NNPP, wanda aka fi sani da MB Shehu, ya samu ƙuri'a sama da 19,000. Shu'aibu Abubakar na Labour ya samu kusan 13,000. Aminu Sulaiman Goro na APC, mai riƙe da kujerar tun 2011, bai kai 9,000 ba. Ba a kuma gama zaɓen a ranar 25 ga Fabrairu ba, sai da aka je zagaye na cike giɓi ranar 15 ga Afrilu. Wanda ya kalli waɗannan lambobi uku kaɗai zai ɗauka an auna mutum uku ne a sikeli, aka ga wanda ya fi nauyi. To amma sunan ko ɗaya daga cikinsu ba ya kan takardar da aka dangwala wa yatsa.

Wannan shi ne abin da masu sharhi suke yawan tsallakewa. A Najeriya takardar ƙuri'a alamar jam'iyya kawai take ɗauke da ita: tsintsiya, lema, kwandon kayan marmari da NNPP take amfani da shi a lokacin, da hoton uba da uwa da yaro na Labour. Ka tsaya a kowace rumfa ranar zaɓen tarayya ka gani. Mace ta zo tun hantsi da goyo a baya, ta sha rana a layi, na'urar BVAS ta ƙi karɓar yatsanta sai da aka ɗauki fuskarta. Sai a miƙa mata takardu uku a lokaci guda, ta shugaban ƙasa da ta sanata da ta ɗan majalisar wakilai, a nuna mata akwatuna uku, mai jan murfi da mai baƙi da mai kore. Tun daga gida an riga an gaya mata alamar da za ta nema, ejan ɗin jam'iyya ma da ke rakuɓe a gindin katanga ya sake tuna mata da ido. Alama ɗaya za ta dangwala sau uku ta kama hanyar gida ta ɗora tukunya. Wannan shi ne sak. Mai yin wake da shinkafa, wato ya zaɓi shugaban ƙasa a wata jam'iyya, ɗan majalisa a wata, sai wanda ya zo da niyyarsa tun daga gida, kuma su ne 'yan kaɗan.

Tarihin Goro kansa ya nuna haka. A 2011 da ya fara cin zaɓe a PDP, ba rana ɗaya aka yi zaɓukan ba. An yi na majalisar tarayya ranar 9 ga Afrilu, na shugaban ƙasa ranar 16, na gwamna ranar 26. Saboda haka PDP ta Kwankwaso ta kwashi kujerun majalisa da yawa a Kano, bayan mako guda kuma mutanen nan dai suka fito suka ba Buhari na CPC ƙuri'arsu. Tun daga 2015 aka haɗe zaɓen majalisar tarayya da na shugaban ƙasa a rana ɗaya, kuma kafin nan Goro ya bi ayarin 'yan majalisar Kano da suka koma APC a ƙarshen 2013. A 2015 Buhari ya samu ƙuri'a 1,903,999 a Kano. A 2019 ya samu 1,464,768. Duk wanda yake ƙarƙashin tsintsiya a waɗannan shekaru biyu, ko bai fita kamfe ba guguwar za ta iya kai shi Abuja. Ba ina cewa Goro ba shi da jama'arsa ba, zan zo kan wannan. Ina cewa ne zango biyu daga cikin ukun an yi su ne da Buhari a saman takarda, a 2023 kuwa babu shi. Wanda ke saman takarda a Kano a wannan karon Kwankwaso ne, da ƙuri'a 997,279, Tinubu yana da 517,341, Atiku 131,716, Obi 28,513.

In kana son hujjar da ta fi kowace ƙarfi, dubi kujerar sanatan Kano ta Tsakiya, wadda Fagge ke cikinta. Malam Ibrahim Shekarau ya bar NNPP tun watan Agustan 2022 ya koma PDP, yana yi wa Atiku kamfe a fili. Amma sunansa ne ya rage a takardun INEC a matsayin ɗan takarar NNPP. Jama'a suka dangwala wa kwandon kayan marmari ƙuri'a sama da 450,000, baturen zaɓe ya miƙe ya sanar da Shekarau, mutumin da bai roƙi ƙuri'a ko ɗaya a wannan jam'iyya ba. Sai da Kotun Ƙoli ta tabbatar da Rufa'i Sani Hanga a watan Maris sannan aka ba shi shaidar cin zaɓe. A irin wannan rana ce kake tambayar me ya sa mai tsintsiya ya faɗi a Fagge. Ai ba shi kaɗai ba ne. Birni da Kewaye, Dala, Gwale, Tarauni, Nasarawa, Kumbotso, duk jar hula ce ta ɗauke su.

Abin da ya bambanta Fagge da sauran shi ne wanda ya zo na biyu, kuma a nan sai an san ƙasar. Ƙaramar hukumar Fagge mazaɓu 10 gare ta: biyar na Fagge kanta, sai Kwaciri, Rijiyar Lemo, 'Yammata, sannan Sabon Gari ta Gabas da Sabon Gari ta Yamma. Fagge ta asali tsohon zango ce a bayan ganuwa, inda ayarin fatake da Buzaye suke sauka. Sabon Gari kuwa Turawa ne suka yanka ta wajen 1913 don ma'aikata da 'yan kasuwa da suka zo daga kudu da ƙasashen gaɓar teku bayan isowar jirgin ƙasa. Yau Ibo da Yarabawa da mutanen Edo da na Binuwai da na kudancin Kaduna ne suka fi yawa a cikinta, wasu kakanninsu ma a nan aka haife su. Ba baƙuwar siyasar Kano ba ce, don a Sabon Garin nan aka kafa NEPU ranar 8 ga Agustan 1950. Amma a jamhuriya ta huɗu ƙuri'arta ta saba tafiya wajen lema, ko a shekarun da sauran birnin ke bin Buhari.

A 2023 wannan ƙuri'a ta tashi ɗungurungum ta koma wajen Peter Obi. A zaɓen shugaban ƙasa a ƙaramar hukumar Fagge, Kwankwaso ya samu wajen 23,000, Obi kusan 15,000, Tinubu kuwa 4,000 da 'yan kai. Lura da kyau: fiye da rabin duk abin da Obi ya samu a jihar Kano mai ƙananan hukumomi 44 daga Fagge ya fito. To mai zaɓen da ya fito don Obi, aka ba shi takardu uku, ina kake zaton zai kai sauran biyun? Shi ma sak ya yi. Ban rage wa ɗan takarar Labour ƙoƙarinsa ba, amma yawancin 13,000 ɗin nan ƙuri'ar Obi ce ta gangaro. Kuma ba daga aljihun Goro aka zare ta ba, tsohuwar ƙuri'ar PDP ce, haɗe da matasan da suka yi sabuwar rajista a 2022. Da ma can ba tasa ba ce. Abin da ya canza shi ne a da tana ɓoye a ƙarƙashin lema ba wanda ya damu da ita, yanzu ta fito da sabon suna a jihar da ba a san sunan ba, shi ya sa ta ba mutane mamaki.

Yanzu ga hanyar da nake bi in auna ɗan takara shi kansa, ba guguwar da ta ɗauko shi ba. Ka ɗauki abin da ya samu, ka ajiye kusa da abin da ɗan takarar shugaban ƙasa na jam'iyyarsa ya samu a wannan ƙasa. MB Shehu ya gaza Kwankwaso da wajen 4,000. Ɗan takarar Labour ya gaza Obi da wajen 2,000. Goro kuwa ya ninka Tinubu. Ma'ana akwai mutum dubu huɗu da wani abu da suka ƙi tsintsiya a takardar shugaban ƙasa, amma suka neme ta a takardar ɗan majalisa. Lissafin ba ya zama daidai ƙwabo da ƙwabo, tunda wasu akwatunan an sake su a watan Afrilu ba tare da zaɓen shugaban ƙasa ba, amma hoton a bayyane yake. A cikin mutum ukun, wanda ya zo na uku shi ne kaɗai ya fi jam'iyyarsa ƙarfi. Don haka zancen cewa mutanen Fagge ba su riƙe alheri bai tsaya ba. Waɗanda suka ci moriyarsa sun fito, sun kuma yi masa wake da shinkafa, aikin da ya fi sak wahala. Yawansu ne bai kai ba.

Me ya sa bai kai ba bayan shekara 12? A nan yanayin birni ya shigo. A ƙauye in ɗan majalisa ya haƙa rijiyar burtsatse ko ya kai taransifoma, gari duka ya san wanda ya kawo, za a yi shekaru ana ambatonsa. A Fagge ka gyara layi ɗaya, na bayansa ma bai sani ba, wanda ya sani kuma haushi zai ji don ba a yi nasa ba. Abin da ɗan birni yake nema a wajen ɗan majalisa na kansa ne: takardar ɗaukar aiki, gurbin karatu, kuɗin asibiti, jarin sana'a. Goro ya riƙe kwamitin majalisa mai kula da manyan makarantu, kuma magoya bayansa da samar wa matasa aiki suke yi masa kirari. Amma kowane gurbi ɗaya da ka bayar, akwai gida goma da suka kawo takardun ɗansu ba su samu ba. A zango na farko kowa yana jiran layi ya zo kansa. A zango na uku waɗanda suka gaji da jira sun fi waɗanda suka samu yawa, kuma kowane dare akwai sojojin baka a gidajen rediyon Kano da ke tuna musu. Kujerar cikin birni ba ta da tabbas ko ga manya. Ghali Umar Na'Abba yana shugaban majalisar wakilai gaba ɗaya, amma a 2003 ya rasa kujerarsa ta Birni da Kewaye, a shekarar da ANPP ta Buhari da Shekarau ta share Kano.

Akwai kuma abin da ke ruɗin 'yan takara da kansu. Fagge da rana ba ita ce Fagge ta ranar zaɓe ba. Kantin Kwari, kasuwar Sabon Gari, Singa, 'yan canji na Wapa, duk a nan suke. Ɗan takara ya shiga Kwari da azahar, a rufe hanya, a yi ta ɗaga masa hannu daga saman benaye, ya koma gida yana ganin ya gama. Alhali mafi yawan masu ɗaga hannun a Kumbotso ko Ungogo ko Gwale suke kwana, wasu ma daga Wudil ko Bichi suke sammako. Wanda ya yi rajista a unguwarsu ba zai zaɓe ka ba ko yana so. Wanda kuma ya yi rajista kusa da shagonsa don sauƙi, ranar zaɓe an hana zirga-zirgar ababen hawa, ba zai taka daga Sheka zuwa Fagge a ƙafa ba. A Sabon Gari wasu iyalai sukan tafi garuruwansu kafin zaɓe don gudun abin da ka je ya zo. Ka ƙara da ƙarancin takardun naira na watan Fabrairun 2023, lokacin da mutum yake kwana a layin banki don dubu biyar, da kuma sababbin rumfunan da INEC ta ƙirƙiro a 2021, waɗanda suka sa wasu suka je inda suka saba ba su ga sunansu ba. A jihar Kano a 2023 mutum miliyan 5.9 ne ke da rajista, waɗanda suka fito ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba. A Fagge, ƙaramar hukumar da ƙidayar 2006 ta ba ta kusan mutum 200,000, ƙuri'a 40,000 da 'yan kai ce ta raba gardama tsakanin manyan 'yan takara uku.

Kuma kujerar majalisa ba ta da sharaɗin kashi 25 cikin 100 a wurare daban-daban irin na gwamna da shugaban ƙasa. Wanda ya fi kowa, ko da ƙuri'a ɗaya ce, shi ya ci. MB Shehu bai kai rabin ƙuri'un da aka kaɗa ba, kuma doka ba ta nemi ya kai ba.

Sai batun maguɗi. Na san abin da ya sa ka yi zargi, kalmar inkonkulusib ce. Tun abin da ya faru a mazaɓar Gama a zaɓen gwamna na 2019, lokacin da Abba Kabir Yusuf yake gaba da ƙuri'a 26,655 aka ce zaɓe bai kammalu ba, aka dawo Ganduje ya ci, Bakano in ya ji kalmar nan sai gabansa ya faɗi. Amma ƙa'idar kanta lissafi ce. In an soke wasu akwatuna, saboda rikici ko don ƙuri'un da aka samu a ciki sun fi adadin mutanen da BVAS ta tantance, sai a duba mutum nawa ne suka karɓi katin zaɓe a waɗannan akwatuna. In sun fi tazarar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu, ba za a sanar da kowa ba sai an sake zaɓe a wuraren. A birni, inda akwati ɗaya kan ɗauki mutum ɗari bakwai ko fiye, soke akwatuna kaɗan ya isa ya haɗiye tazarar dubu biyar ko shida. Abin dubawa shi ne wa ya amfana. A Fagge jam'iyyar da ke mulkin jiha da tarayya a lokacin ita ce APC, kuma ɗan takararta ne ya ƙare a na uku bayan zagaye na biyun. In maguɗi aka shirya, to an yi asarar wahala.

Wannan ba ya nufin zaɓen ya fita tsaf kamar an wanke. Sayen ƙuri'a da taliya da atamfa da sabulu yana nan, kowace jam'iyya mai hali tana yi, 'yan daba ma ba su yi ritaya ba. Sai dai wanda yake son ya tabbatar da zargi, akwai inda ake dubawa. A kowace rumfa, bayan an ƙirga a gaban jama'a ana ɗaga takarda ɗaya-ɗaya ana amsawa da baki, jami'i yakan cike fom EC8A, na majalisar wakilai shi ne mai lamba (II), ejan-ejan su sa hannu, a ba kowa kwafinsa, a ɗauki hotonsa da BVAS a tura shafin IReV, inda INEC ke wallafa sakamako a intanet. Daga nan a kai cibiyar mazaɓa a tattara a EC8B, sannan a wuce ƙaramar hukuma. A sanina ba a cika yin ɓarna a rumfa ba, don idanu sun yi yawa. A wajen tattarawa ake yi, da tsakar dare, lokacin da ejan ya gaji ko an kira shi gefe, 17 ta zama 71. Don haka mai zargi ya tara kwafin rumfunan mazaɓa ɗaya, ya haɗa da kansa, ya gwada da abin da aka rubuta a EC8B. In sun saɓa, yana da magana. Doka ta ba shi kwana 21 daga ranar sanarwa ya shigar da ƙara, kotun zaɓe tana da kwana 180, ɗaukaka ƙara kwana 60, kuma shari'ar kujerar majalisa a Kotun Ɗaukaka Ƙara take tsayawa, ba ta zuwa Kotun Ƙoli. Abin lura, shari'ar kujerar majalisa da ta tayar da ƙura a cikin birnin a 2023 ba ta ƙirga ba ce. A Tarauni kotun zaɓe ta sauke Mukhtar Umar Yarima na NNPP ne kan zargin takardar makarantar firamare, daga baya Kotun Ɗaukaka Ƙara ta mayar masa da kujerarsa.

Wasu 'yan siyasa na ji suna lissafin cewa in aka haɗa 13,000 na Labour da 9,000 na APC an wuce 19,000, saboda haka wai Fagge a hannu take in an daidaita. A takarda haka ne. A ƙasa kuwa mutumin Sabon Gari da ya fito don Obi a 2023, yana jin zafin tikitin Musulmi da Musulmi na APC, ba kaya ba ne da za a ɗauka a juye a buhun tsintsiya don shugabanni sun yi yarjejeniya a otal. Zai iya komawa lema, zai iya zama a gida. Haka su ma dubu huɗun da suka bi Goro don kansa, ba lalle su bi wanda jam'iyya za ta tsayar a bayansa ba. Ƙuri'ar Kano tana motsi da sauri in aka canza wanda ke saman takarda. Ranar 25 ga Fabrairu APC ta samu 517,341 a jihar. Bayan mako uku, ranar 18 ga Maris, da Nasiru Yusuf Gawuna a takarar gwamna, ta samu 890,705, Abba ya ci da 1,019,602, PDP kuwa ta faɗo daga 131,716 zuwa ƙasa da 16,000. Rajista ɗaya ce, rumfunan ma su ne dai.